Kwatabak Biyu, Ƙwallo Ɗaya: Abin da Ya Sa Karɓa-karɓa Ke Wuya a Gasar NFL

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ƙwallon Amurka za mu taɓa, kan wata tambaya da duk wanda ya fara kallon gasar NFL yakan yi. Idan ƙungiya tana da kwatabak biyu, ɗaya gwanin jifa, ɗaya gwanin gudu, me zai hana koci ya riƙa sako kowanne a lokacin da ake bukatar irin baiwarsa?

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a gurguje. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun ci, a sake ba su wasu huɗun, in sun gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kwatabak shi ne mai tsayawa bayan ɗan tsakiya ya karɓi ƙwallo, daga nan ko ya jefa wa masu cafka, ko ya danƙa wa mai gudu, ko ya ruga da ita da kansa. Canji kuma ba shi da iyaka a wannan wasa, wanda ya fita yanzu yana iya dawowa bayan minti ɗaya. Shi ya sa kusan kowane gurbi ana yin karɓa-karɓa, masu gudu, masu cafka, manyan ƙartin layin tsaro, duk shiga da fita suke yi. Kwatabak kuwa galibi in ya shiga sai an tashi, sai fa in ya ji rauni.

Ba wai ba a gwada ba. Ranar 31 ga Oktoban 1971, Tom Landry, kocin Dallas Cowboys, ya je Chicago da kwatabak biyu, Craig Morton da Roger Staubach, ya kasa zaɓen ɗaya. Sai ya ce to, kowa ya buga ɗaya ya fito, ɗayan ya shiga ɗauke da umarnin abin da za a yi. Haka suka wuni suna wucewar juna a bakin layi. Chicago Bears ta ci su 23 da 19, Dallas ta koma nasara huɗu, rashin nasara uku. Bayan wannan wasa Landry ya tsayar da Staubach shi kaɗai. Daga nan ba su sake faɗuwa ba a kakar, wasa goma a jere, har da Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, na watan Janairun 1972 inda suka lallasa Miami Dolphins 24 da 3.

Wannan labari shi kociyoyi ke kafa hujja da shi har gobe. Amma ku lura, abin da Landry ya yi ba zaɓe ba ne bisa yanayin wasa, raba kujera ɗaya ya yi wa mutum biyu. Abin da muke magana a kai yau daban ne, wato a ce ga mai gida, ga kuma wanda ake kira don wani aiki takamaimai.

To mene ne ribar? Lissafi ne. Ku ƙirga tare da ni. Idan kwatabak ya miƙa wa mai gudu ƙwallo, shi ya zama ɗan kallo. Mutum ɗaya na gudu, ɗaya na tsaye, saura tara ke tare masu tsaro 11. Ke nan akwai mutum biyu da babu mai tare su. Idan kuwa kwatabak ɗin ne da kansa zai ruga, masu tarewa sun zama goma. Mutum ɗaya aka ƙara, amma a wurin da ake neman yadi ɗaya ko biyu, ko a bakin gidan maki, wato ƙarshen fili da ake kai ƙwallo a ci maki, inda fili ya ƙure ba wurin jifa mai nisa, mutum ɗayan nan shi ne komai.

Misali mafi tsabta shi ne Indianapolis Colts a 2020. Mai gidansu Philip Rivers ne, ɗan shekara 38, hannu kamar an auna, amma ƙafa sai a hankali. In saura yadi ɗaya, sai ka ga Rivers ya nufi benci, Jacoby Brissett, ƙato mai jiki, ya shigo. Ya duƙa bayan ɗan tsakiya, ya karɓi ƙwallo, ya sunkuyar da kai ya kutsa a bayan mutanensa. An samu yadin, ya fita, Rivers ya dawo. Haka nan in lokaci ya kusa ƙarewa ana bukatar a wurga ƙwallo can nesa a yi ta sa'a, Brissett ake kira, don ya fi ƙarfin dantse. Babu wanda ya taɓa ruɗewa kan wane ne mai ƙungiya. Masu kallon ƙwallon ƙafa za su tuna abin da Louis van Gaal ya yi a gasar cin kofin duniya ta 2014, da ya cire gola Jasper Cillessen ya sako Tim Krul daf da bugun fenariti da Costa Rica, Krul ya tare biyu Holan ta wuce. Aiki ɗaya aka kira shi ya yi, ba kujerar wani aka ba shi ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Shigowar mutum na biyu sanarwa ce. Dokar NFL ta ce idan masu kai hari suka yi canji, sai an bai wa masu tsaro damar yin nasu, har alƙalin wasa yakan tsaya a kan ƙwallo ya hana a fara sai sun kammala. To kocin tsaro yana ganin kwatabak mai gudu ya shigo, sai ya fitar da siraran 'yan bayansa ya turo ƙarti, ya matso da kowa kusa da layi. Mutum ɗayan da ka ƙara, ya mayar maka da biyu. Ribar lissafin nan tana nan ne kawai muddin masu tsaro na tsoron cewa wannan da ya shigo yana iya ɗaga kai ya jefa ta bayansu. Ranar da tsoron ya fita, dabarar ta mutu.

New York Jets ta ɗanɗana wannan a 2012. Sun ɗauko Tim Tebow daga Denver da ɗoki, aka yi ta yayata cewa zai riƙa karɓar Mark Sanchez a wasu lokuta. A duk kakar, jifa takwas kacal Tebow ya yi. Ke nan duk sanda ya shigo, har mai sayar da lemo a filin ya san gudu za a yi. Bai kai ƙwallo gidan maki ko sau ɗaya ba, Sanchez kuma ya buga kakar yana waiwaye, magoya baya na kiran sunan wanda ke benci duk lokacin da ya yi kuskure. Suka gama da nasara 6, rashin nasara 10. Abin mamaki, mai tsara musu harin a shekarar shi ne Tony Sparano, wanda yana kocin Miami a Satumban 2008 ya ba New England mamaki da salon da ake kira Wildcat, inda ake miƙa wa mai gudu Ronnie Brown ƙwallo kai tsaye. Ranar Brown ya shiga gidan maki sau huɗu da ƙafa, ya kuma jefa guda, aka tashi 38 da 13. Amma mamaki sau ɗaya ake bayar da shi. Kafin a je ko'ina kowace ƙungiya ta nazarci faifan ta samo maganinsa.

Wanda ya fi kowa iya ɓoye wannan sanarwa shi ne Sean Payton a New Orleans Saints, da Taysom Hill. Hill ya zo musu a 2017 bayan Green Bay ta sallame shi. Payton bai ajiye shi yana jiran yadi ɗaya ba. Yau ka gan shi yana tarewa, an jima yana cafka, an jima yana cikin masu bin ƙwallon da aka buga da ƙafa. Saboda haka shigowarsa ba ta faɗa maka komai. Sau da yawa ma mai gidansu Drew Brees bai fita, sai ya koma can gefe ya tsaya kamar mai cafka, Hill ya tsaya a tsakiya, lokacin kuma masu tsaro sun riga sun gama canjinsu. Ku dubi wasansu da Minnesota a Janairun 2020. A wasa ɗaya Hill ya yi jifa na yadi 50, ya ci yadi 50 da gudu, ya kuma cafke ƙwallo a gidan maki. Duk da haka Saints ce ta faɗi, 26 da 20 bayan ƙarin lokaci. Ni dai a ganina ƙorafin da wasu magoya bayansu ke yi yana da ƙamshin gaskiya: duk ƙwallon da ka ba Hill, daga hannun Brees ka cire ta, mutumin da ke cikin waɗanda suka fi kowa saiti a tarihin gasar. Dole ribar ta fi wannan asara kafin a ce an yi dabara.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a talabijin, wato atisaye. Tsakanin wasa da wasa, kwana uku ne na atisaye na gaske, kuma tun yarjejeniyar 2011 da ƙungiyar 'yan wasa aka taƙaita atisaye da cikakken sulke zuwa sau 14 a kaka. Kusan duk zagayen da ake yi da 'yan wasan farko, mai gida ke cinye shi, don harin NFL sabo ne tsakanin mutane. Kwatabak yakan saki ƙwallo tun mai cafka bai juyo ba, ya dogara da cewa a taku na kaza zai karya kwana. Ƙartin layi kuma muryarsa suke saurare, yadda yake jan kira da inda yake tsayawa, wanda ya motsa kafin lokaci an ci tarar yadi biyar. Canza mutum, ka canza murya, ka canza saurin ƙwallo, ka canza inda zai tsaya a bayan layi. In ɗaya bahago ne abin ya ƙara cakuɗewa. San Francisco ta ga haka da Joe Montana da Steve Young, wanda bahago ne: jifan bahago juyawarsa a iska daban ce, kuma ɓangaren da kwatabak ya ba wa baya, wanda ake sa gwanin masu tarewa ya tsare, ya koma ɗaya hannun. A 1988 kocinsu Bill Walsh ya yi ta jujjuya su har ƙungiyar ta tsaya a nasara 6, rashin nasara 5. Da Montana ya zauna daram, suka ƙare da kofi a hannu.

Har hular kwano tana da nata sharaɗin. Koci na magana da kwatabak ta rediyon da ke cikin hularsa, mai ɗigon kore a ƙeya, ana kuma katse layin in saura daƙiƙa 15 a agogon daƙiƙa 40 da ake ba su. Mutum ɗaya tak aka yarda ya kasance da ita a fili daga kowane ɓangare. In za ka haɗa kwatabak biyu a lokaci guda, sai ɗaya ya sauya hula.

Wani zai ce, to Los Angeles Rams fa? Gaskiya ne. A 1950 Bob Waterfield da Norm Van Brocklin sun raba wasa tsakaninsu, suka tara maki 466 a wasa 12, shekara ta gaba kuma suka doke Cleveland 24 da 17 suka ɗauki kambu. Amma su biyun duka zaƙaƙurai ne da aka shigar zauren gwarzayen wasan, duka kuma majefa ne, saboda haka shigowar ɗaya ba ta tona asirin komai. Yau ma ba za ka iya riƙe irinsu biyu ba. A 2024 iyakar abin da ƙungiya za ta kashe kan albashin dukan 'yan wasanta dala miliyan 255.4 ne, a shekarar kuma Dak Prescott, kwatabak ɗin Dallas, shi kaɗai ya sa hannu kan kwantiragin dala miliyan 60 a shekara. Taura biyu ba ta taunuwa.

Shi ya sa in kun lura, yawancin karɓa-karɓar da ake gani yanzu share fage ne ga magaji. Baltimore ta riƙa sako Lamar Jackson jefi-jefi a 2018 lokacin Joe Flacco na mai gida. Flacco ya ji rauni a ƙugu, Jackson ya hau, ya ci wasa shida cikin bakwai, shekara ta gaba aka zaɓe shi gwarzon gasar. Philadelphia ta yi haka da Jalen Hurts a 2020 a bayan Carson Wentz, kafin kakar ta ƙare Hurts ne ke farawa, Wentz kuma bai sake buga musu ba bayan ta.

Kuma irin waɗannan 'yan wasa su suka rage wa tsohuwar tambayar ƙarfi. Mai Jackson, ko Hurts, ko Josh Allen na Buffalo, yana da mutum na goman nan a kowane bugu ba tare da ya yi canji ba, alƙali bai tsaya a kan ƙwallo ba, kocin tsaro bai samu sanarwa ba. A Super Bowl na Fabrairun 2025, da Philadelphia ta isa yadi ɗaya daga gidan makin Kansas City, ba wanda ya waiwayi benci. Hurts ya duƙa, abokansa suka tura shi ta baya ya shige, shi ne makin farko a wasan da suka ci 40 da 22, kuma shi ɗin ne dai ya yi ta jefa musu ƙwallo.