Mai Zanen Gari a Zauren Mai Unguwa: Laccar da Aka Gabatar a Garwa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu zanen gine-gine da tsara birni, da ɗalibanmu, batutuwa uku na zo da su, amma zan fara da wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Muna yaye ɗalibi hannunsa ya faɗa da zane, amma da zarar an zaunar da shi a zauren mai unguwa sai bakinsa ya mutu. Na taɓa raka wani ɗalibina ya bayyana tsarin magudanar ruwa, riƙe da rahoto mai kauri cikin Faransanci. Yana cikin karatu wani dattijo ya ɗora sandarsa a kan taswirar, ya ce, “Yaro, idan ruwan nan ya bar ƙofata, gidan wa zai shiga?” Amsar tana cikin rahoton, wallahi tana ciki, sai dai ba ya iya fito da ita da harshen da dattijon zai ji. Mutanen da suka ga ambaliyar 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo kogin Binuwai ya cika ya batse, ba a yi musu zancen ruwa a dunƙule. Shi ya sa nake sa kowane ɗalibi ya taƙaita aikinsa a shafi ɗaya, ya juya shi zuwa Hausa ko Fulatanci, ya karanta wa magini. Duk inda maginin ya ce “wane?”, nan za a sake rubutawa. Na baya, kuna jina? Nan za a sake rubutawa, ko sau biyar ne.

Na biyu, dokar tsara birane ta Kamaru ta 2004 ta wajabta takardar izinin gini, don haka a koya wa ɗalibai rubuta wasiƙa gajera zuwa ofishin magajin gari. Na uku... to, lokaci ya ja, ga Hajiya ta ɗaga hannu.

Tana tambaya: su wa za su ji ta bakin matan da ba sa fitowa zaure? Hajiya, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Su ne suka san inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, da inda hayaƙin murhu ke taruwa a madafa. Ɗalibanmu mata su shiga cikin gida da taswira, su zauna a tabarma, su rubuta abin da aka faɗa musu da kalmomin masu shi, kuma a ba su maki a kan haka kamar yadda ake bayarwa a kan zane.