Ƙasa ɗaya, alkawari uku: yadda aka raba ƙasashen Larabawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Ku dubi taswirar Gabas ta Tsakiya. A shekarar 1914 babu ƙasa mai suna Iraƙi, ko Jodan, ko Labanon a yadda muka san su yau. Dimashƙ, Bagadaza, Ƙudus, Makka da Madina duk suna hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya, mai hedikwata a Istambul, ba tamu ta Sakkwato ba.

A watan Nuwamban shekarar, daular ta tsunduma cikin yaƙi a ɓangaren Jamus, aka kuma shelanta jihadi da sunan Sarkin Musulmi Muhammad na Biyar. Nan hankalin Birtaniya ya tashi, domin miliyoyin Musulmi suna ƙarƙashinta a Indiya da Masar da Sudan, har da Arewacin Najeriya. Tana neman wani Musulmi mai ƙima da zai karya lagon wannan kira. Sai idonta ya faɗa kan Sharif Husaini ɗan Ali, Sarkin Makka, wanda jinin gidan Manzon Allah (SAW) ne, kuma da ma ba ya ga-maciji da masu riƙe da gwamnati a Istambul.

Daga Yulin 1915 zuwa Maris na 1916, wasiƙu goma suka gudana tsakanin Sharif da Henry McMahon, babban wakilin Birtaniya a Alƙahira. Sharif bai yi wani kwana-kwana ba: zai tayar wa Turkawa, idan Birtaniya ta yarda da ƙasar Larabawa mai cin gashin kanta, tun daga kudancin Turkiyya ta yau har gaɓar Tekun Indiya, ban da Aden. Da farko McMahon ya ce maganar iyaka ba ta yi ba tukuna. Sharif ya kafe. A lokacin kuwa sojojin Birtaniya suna shan kashi a hannun Turkawa a Galifoli, don haka a ranar 24 ga Oktoban 1915 McMahon ya sauko.

A tsaya a nan, domin wannan wasiƙa ita ce tushen rigimar. McMahon ya amince da 'yancin Larabawa, amma ya cire garuruwan Mersin da Iskandaruna da ke kudancin Turkiyya ta yau, da sassan Sham da ke yamma da Dimashƙ, Hums, Hama da Halab. Ya ƙara da cewa alkawarin zai yi aiki ne kawai inda ba zai taɓa muradun ƙawarsu Faransa ba. Ku bi garuruwan nan huɗu da yatsa. Abin da ke yamma da su shi ne Labanon da gaɓar tekun Siriya. Falasɗinu tana can kudu, kuma ba a ambaci sunanta ba. Larabawa suka fahimci tana cikin rabonsu, daga baya Birtaniya ta ce a'a. Ni dai a ganina, wanda ke son cire Ƙudus daga yarjejeniya ya san yadda ake rubuta sunanta. An bar maganar a dunƙule ne don a samu hanyar zillewa. Shi ma Sharif, a wasiƙarsa ta Janairun 1916, ya yarda a jingine batun Beirut da gaɓarta sai bayan yaƙi, kuma wannan sassaucin ya zame masa babbar asara.

Ana cikin wannan musayar wasiƙu, wasu mutum biyu suna zaune a Landan kan wata taswirar: Mark Sykes na Birtaniya da François Georges-Picot na Faransa. Rabon gado suke yi tun maigida yana numfashi. A Mayun 1916 aka kammala, da sa albarkar Rasha. Inda aka shafa shuɗi, wato gaɓar Siriya da Labanon da wani yanki na kudancin Turkiyya, Faransa za ta mulka kai tsaye. Inda aka shafa ja, Bagadaza da Basra, na Birtaniya ne, haɗe da tashoshin ruwan Haifa da Akka. Tsakiyar kuma aka ce ta Larabawa ce, amma an tsaga ta gida biyu da layin da ya taso daga wajen Akka ya nufi Kirkuk: arewa Faransa ce mai ba da mashawarta da rance, kudu Birtaniya. Falasɗinu kuwa aka ce ƙasashen duniya za su riƙe ta tare. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki, tun da ƙasashen nan biyu ne suka ja layi daga Say zuwa Barruwa a 1890, mafarin iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi.

Sharif bai ga wannan taswira ba lokacin da ya ɗaga tuta a Makka a Yunin 1916. 'Ya'yansa Faisal da Abdullahi suka ja rundunoni, Birtaniya na ba da zinariya da bindigogi, ana fasa layin dogon Hijaz, har aka ƙwace Aƙaba a Yulin 1917.

Sai ga alkawari na uku. A ranar 2 ga Nuwamban 1917, ministan harkokin wajen Birtaniya Arthur Balfour ya rubuta wa Lord Rothschild, wani jigo a cikin Yahudawan Birtaniya, cewa gwamnatinsa na goyon bayan kafa wa Yahudawa gida na ƙasa a Falasɗinu. Larabawan da suka kai kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna wurin, ko sunansu ba a kira ba a takardar.

Cikin wannan watan asiri ya tonu. 'Yan juyin juya halin Rasha suka buɗe ma'ajiyar takardun tsohuwar gwamnati, suka buga yarjejeniyar Sykes da Picot a jaridu. Kwamandan Turkawa a Sham, Jamal Fasha, ya yi ta yaɗa ta don Larabawa su ga da wa suka ƙulla. Birtaniya ta lallashi Sharif da sababbin saƙonni, ya ci gaba da yaƙi. A ranar 1 ga Oktoban 1918 aka shiga Dimashƙ.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: iyakokin yau ba su ne ainihin zanen Sykes da Picot ba. Mosul, da ke arewacin Iraƙi, tana ɓangaren Faransa a taswirarsu, amma a Disamban 1918 firaministan Faransa Clemenceau ya sakar wa takwaransa na Birtaniya Lloyd George ita da Falasɗinu a wata ganawa a Landan, daga baya Faransa ta samu kaso a man Iraƙi. Sau ɗaya aka tambayi mutanen yankin da gaske, lokacin da Amurka ta tura wakilai biyu, King da Crane, a 1919. Yawancin waɗanda suka kai musu koke sun nemi Sham dunƙulalliya mai 'yanci, sun ƙi Faransa. Aka ajiye rahoton, bai fito ba sai 1922.

Kafin nan an gama komai. A Maris na 1920 majalisar Siriya ta naɗa Faisal sarki. A Afrilu, a taron San Remo, aka damƙa wa Faransa Siriya da Labanon, Birtaniya kuma Iraƙi da Falasɗinu, da sunan riƙon amana. Ranar 24 ga Yuli sojojin Faransa suka murƙushe 'yar rundunar Siriya a Maisalun, ministan yaƙi Yusuf al-Azma ya rasu a fagen daga, aka kori Faisal. Birtaniya ta ba shi sarautar Iraƙi a 1921, Abdullahi kuma ya samu gabashin Kogin Jodan.

Mahaifinsu ya ƙi sa hannu kan duk yarjejeniyar da za ta halatta wannan rabo. Da dakarun Ibn Sa'ud, Sarkin Najd, suka auko wa Hijaz a 1924, Birtaniya ta naɗe hannu tana kallo. Sharif Husaini ya sauka daga mulki, ya yi zaman gudun hijira a tsibirin Saifurus, ya rasu a Amman a 1931, aka binne shi a Ƙudus. Wasiƙun McMahon kuwa, sai a 1939 gwamnatin Birtaniya ta fitar da su a hukumance.