Inda Ake Nufar Kumfa Idan Fetur Ya Kama da Wuta

Jar tukunyar kashe gobara mai tambari launin madara, ruwa ne a cikinta haɗe da sinadarin da yake yin kumfa, kuma an tanade ta ne domin wutar katako da takarda da tufafi, da kuma ta fetur da kananzir da dizal. Wani masani ɗan Rasha, Aleksandr Loran, shi ya ƙirƙiro dabarar a shekarar 1902 a birnin Baku, garin rijiyoyin mai.

Farkon aikin ba shi da wuya: mutum ya tabbatar ƙofar fita tana bayansa, ya zare fil, ya riƙe mesa, sannan ya matse mariƙin.

Wurin nufar feshin shi ne inda ake yawan kuskure, kuma kuskuren yana iya cin rai. Abin da yake ci a wutar fetur shi ne tururin da yake tashi daga samansa. Da yake kumfa ba ta kai mai nauyi ba, sai ta kwanta a kansa kamar bargo, ta raba tururin da iska, ruwan da ke cikinta kuma ya rage zafin. A ce mutum biyu ne suke kashe wutar fetur a durom: na farko ya harba feshin tsakiyar durom ɗin, ƙarfinsa ya fantsamar da man, wutar ta bi shi har ƙasa. Na biyun kuwa ya nufi bangon durom ɗin ta ciki, can ɓangaren da ya fi nisa da shi, kumfar ta gangaro a hankali ta lulluɓe man duka. Idan a ƙasa man ya malale, a fesa a gaban wutar domin kumfar ta taru ta matsa kan wutar. Bayan wutar ta mutu kada a taka kumfar, domin duk inda ta ɓule tururi zai sake fitowa. A ganina, duk mai sayar da fetur a jarka ya kamata ya karanta wannan wurin sau biyu.

Ba a fesa kumfa a kan abin da yake haɗe da lantarki, tunda ruwa ce, haka ma man gyaɗa da ya kama a kasko. Tukunya mai lita 6 ba ta kai minti ɗaya ba take ƙarewa, don haka idan wutar ta fi ƙarfinta, a fice a kira 'yan kwana-kwana.