Yadda Ake Amfani da Cajar Batir Mai Tada Mota Ba Tare da Haɗari Ba

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Wannan akwatin da kuke gani mai wayoyi biyu, ja da baƙa, cajar batirin mota ce, kuma aiki biyu take yi. Tana cika batir a hankali, sannan idan aka murɗa wannan makunnin zuwa ƙarshe, tana turo wuta mai ƙarfi lokaci guda don ta taimaka wa kik ya juya inji. Akwai ƙanana da ake ɗauka a hannu, akwai manya masu taya da ake turawa a gareji. Ƙa'idar aiki da su duk ɗaya ce.

Kafin mu taɓa waya, bari mu leƙa cikin batirin, don duk abin da zan faɗa daga nan ya samo tushe. Batirin mota mai bolt 12 ɗakuna shida ne da shi a ciki, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1. A cikinsu akwai farantan dalma da ke jiƙe a ruwan asid. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, kuma har yau da shi akasarin motoci ke tashi. To, lokacin da batir ke caji, musamman idan ya kusa cika, wutar tana raba ruwan ciki zuwa iska iri biyu, haidurojin da oksijin. Haidurojin ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna ta. Kuma batir idan ya fashe, murfin roba ne ke tarwatsewa, asid ya fantsama, shi kuwa mai aikin galibi ya sunkuya ne fuskarsa na kallon batirin.

Saboda haka babban abin da muke gudu shi ne tartsatsi a kusa da batir. Ku riƙe wannan, za ku ga ya bayyana dalilin kusan komai.

Da farko ka duba batirin da kyau. Idan jikinsa ya kumbura, ko ya tsage, ko ruwa na tsatsowa, kada ka jona shi da caja ko kaɗan, nasa ya ƙare. A ƙasashen da ake tsananin sanyi batirin da ya mutu yakan daskare, shi ma ba a cajinsa sai ya narke. Idan mai murafu ne da ake buɗewa, ka leƙa ka ga ko ruwa ya rufe farantan. In bai rufe ba, ka ƙara tataccen ruwan batir daidai yadda zai rufe su. Ruwa kawai, ba asid ba, domin ruwan ne ke ƙonewa, asid ɗin yana nan. Kada kuma ka cika shi fal tun yanzu, ruwan yakan hauhawa idan ya ɗauki zafi. Wanda aka rufe ruf tun daga kamfani kuwa ba a ɓalle shi.

Kai ma akwai shirin da za ka yi. Cire zobe, cire agogo mai sarƙar ƙarfe. Batirin mota na iya fitar da ɗaruruwan amp cikin ƙiftawar ido, zoben da ya haɗa kan batir da jikin mota zai yi zafin da zai ƙona yatsa kafin ka iya zare shi. Ka sa gilashin kare ido, ka ajiye ruwa mai tsabta kusa, ka yi aikin a inda iska ke shiga tana fita. Ba sigari, ba ashana, ba mai walda a gefe. Cajar kuma ka ajiye ta nesa da batir gwargwadon tsawon wayarta, a busasshen wuri. Kada ka ɗora ta a kan batirin, tururin da ke fita yana cin kayan cikinta.

Yanzu ga fuskar cajar. Ku duba, wannan makunnin na zaɓen bolt ne: 6, 12, wasu har da 24. Ƙananan motoci 12 ne. Manyan motoci da yawa 24 ne, wato batir biyu aka jera. Wanda ya tura 24 a motar 12 yana iya ƙona ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, da sauran kayan wutarta kafin ya ankara. Sai nau'in batir. Akwai mai ruwa da aka saba da shi, akwai AGM da EFB waɗanda ake sa wa motocin da ke kashe kansu idan an tsaya su sake tashi da kansu, akwai mai jel, akwai na litiyam. A jikin batirin ake rubutawa. Na litiyam cajarsa daban ce, kada ka sa masa wadda ba a rubuta ta dace da shi ba.

Sai ƙarfin caji. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kashi ɗaya bisa goma na girman batir. Idan an rubuta 60Ah a jikinsa, amp 6 ya wadatar. Idan ya yi ƙasa sosai zai ci wajen awa 10 zuwa 12. Na san da jinkiri, amma cajin gaggawa zafi yake sa wa batir, zafi kuwa shi ke rage masa kwana.

To, ga inda ya fi muhimmanci, wato jonawa. Motar a kashe take, an zare mukulli, an kashe fitilu da rediyo. Ita ma cajar a kashe take, kuma ba a cusa ta a soket ba tukuna. Ku lura da filoginta, ga shi a ƙasa. Muddin yana nan, waɗannan bakunan biyu da ke ƙarshen wayoyin ba su ɗauke da wutar cajar.

Ka nemo kan fositif. Kada ka dogara da launin wayar mota kawai, don wani ya iya canja ta. Ka goge datti ka ga alamar tarawa da idonka. Kuma kan fositif ya ɗan fi na negatif kauri, ko a hannu za ka ji. Idan akwai wannan farin gari ko kore da ke taruwa a kai, ka kankare shi da burushin ƙarfe, kana kawar da fuska. Sai ka kama jan baki a kan fositif, ka ɗan jujjuya shi haƙoransa su ciji dalmar sosai. Bakin da bai kama da kyau ba zafi yake yi, kuma shi ke tartsatsi idan wuta mai yawa ta biyo.

Baƙin bakin fa? Nan ne hannun kowa ke nufar kan negatif, tunda ga shi nan kusa. Dakata. Idan batirin yana cikin mota, ka kai baƙin jikin inji ko wani ƙarfe mai kauri na jikin motar, wanda ba fenti a kansa, nesa da batir, nesa da bututun mai. Dalili shi ne, bakin da aka jona a ƙarshe shi ke cike zagayen wuta, in za a yi tartsatsi a nan za a yi. Jikin motar a haɗe yake da negatif, saboda haka wutar za ta isa batir duk da haka, sai dai tartsatsin ya faɗa can inda babu haidurojin. Akwai ƙarin dalili a sababbin motoci. Da yawansu suna da wata 'yar na'ura a kan negatif da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita. Idan ka kama kan batir kai tsaye, ka tsallake ta, motar ba ta san an yi caji ba. Shi ya sa masu ƙera su ke tanadar wani noti na musamman a ƙarƙashin bonet don wannan aiki, littafin motar zai nuna maka shi.

Ja ya kama, baƙi ya kama, wayoyin ba su ratsa ta kan fanka ko bel ba. Sai yanzu ka cusa filogi a soket, sannan ka kunna.

Wani abu da nake gani yana ba ni tsoro: mutum ya kunna caja, ya buga bakunan biyu da juna don ya ga ko akwai wuta, kuma a kan batirin yake tsaye. Wannan ba gwaji ba ne, neman fitina ne. Mita ce ke gwada wuta.

Yayin da caji ke tafiya, ka riƙa leƙowa. A tsohuwar caja mai allura, za ka ga allurar ta fara daga sama tana saukowa a hankali yayin da batir ke cika. Irin wannan ba ta tsayar da kanta, kai ne za ka kashe, in ka manta ta kwana biyu za ta dafa batirin. Na zamani suna rage wuta da kansu. Kowacce ce dai, ka taɓa gefen batirin lokaci lokaci. Ɗumi ba komai ba ne. Idan ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, ko kana jin yana tafasa da ƙarfi, ko ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ka kashe daga soket, ka bar wurin ya sha iska kafin ka taɓa bakunan.

Yanzu mu zo kan wancan makunni na ƙarshe, na tada inji. Mutane da yawa saboda shi suka sayi na'urar, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Kik yana jan wuta mai yawan gaske, amp ɗari da wani abu zuwa ɗari biyu ko fiye a motar fetur, na dizal ya fi haka. Cajar tana iya ba da irin wannan wuta, amma na 'yan daƙiƙu kawai, domin wayoyin cikinta zafi suke ɗauka nan take. Taimaka wa batir take yi, ba ta maye gurbinsa. Don haka kada ka taɓa amfani da wannan makunni a motar da aka cire wa batir. Batirin ne ke shanye hauhawar wutar, in babu shi duk ta tafi kan kayan lantarkin motar.

Ga yadda ake yi. Jonawa kamar yadda muka yi ɗazu. Giya a fri, ko a P idan otomatik ce, an ja birkin hannu. Kada ka tafi kai tsaye zuwa tada inji. Ka fara ba batirin caji na minti 5 zuwa 10 a mataki mai ɗan ƙarfi, ya samu abin da zai tallafa da shi. Sau da yawa ma wannan kaɗai ya isa motar ta tashi. Bayan nan ka murɗa zuwa tada inji, ka shiga ka yi kik. Daƙiƙa 3 zuwa 5, ka saki. Ta tashi, to madalla. Ba ta tashi ba, ka jira kamar minti 3 cajar da kik su huce. Ainihin lokacin da taka cajar ke buƙata yana rubuce a jikinta ko a takardarta, shi za ka bi.

Ka kuma saurari abin da motar ke gaya maka. Idan inji na juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, matsalar ba ta batir ba ce, ka duba mai ko wutar fulogi. Idan ƙas ɗaya kake ji sannan shiru, ka duba ko kawunan batir sun saki, ko kik ɗin ne da kansa. Wanda ya ci gaba da murɗa mukulli sau biyar sau shida a jere yana iya ƙara wa kansa sayen kik a kan sayen batir. Ni a ganina, motar zamani mai ƙwaƙwalwa da yawa, in dai ba sauri ya matsa ba, gara a yi mata caji a hankali a bar wannan makunnin, musamman idan cajar tsohuwa ce mai allura. Wasu kamfanonin mota ma sun hana a yi amfani da shi, ka duba littafin motarka.

Cirewa kuma baya baya ake bi. Ka kashe caja, ka zare filogi, ka cire baƙi, sannan ja. A daidai wannan lokaci ne haidurojin ta fi yawa a saman batir, wanda ya fizge jan baki caja na kunne ya yi tartsatsi a wuri mafi muni. In inji na aiki, ka kula da hannun riga da fanka.

Idan kuwa ka fi son sauke batirin ka yi cajinsa a waje, negatif ake fara kwancewa, shi ake ɗaurawa a ƙarshe. Muddin negatif na ɗaure, sifanar da ke kan fositif in ta taɓa jikin mota sai ta yi walda.

Asid in ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti ba tare da jira ba.

Tashin mota ba ya nufin batir ya cika. Ɗan zagayen minti goma ba zai mayar da abin da ya rasa ba, kuma batirin dalma da aka bari ba caji yana yin wani ɓawo a farantansa da ke rage masa ƙarfi. Ka cika shi da caja, ka bar shi ya huta na wasu awanni, sannan ka sa mita. Bolt 12.6 ko sama kaɗan, ya cika. 12.2, rabi ne. Idan bayan dogon caji ya tsaya a wajen 10.5, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu, sai canji. Ka kuma gwada inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. In ka ga 12 da 'yan kai, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, ba ta caji, kuma ko sabon batir ka sa, haka zai mutu. Ita ma altanetar da mita ake gwada ta. Kada ka yarda wani ya cire kan batir inji na aiki wai don ya ga ko motar za ta mutu, wannan dabarar tana iya ƙona altanetar da ƙwaƙwalwar motar a lokaci guda.