Amsoshin Tambayoyinku: Shin Da Gaske Akwai Ƙwan 'Yar Ruwa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Takardar farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram. Ya ce an turo masa hoto a WhatsApp na wani abu baƙi mai kusurwa huɗu, da zare-zare a kowace kusurwa, aka ce masa ƙwan 'yar ruwa ne, wai duk wanda ya ajiye shi a gida arziki zai bi shi. Yana tambaya: daga ina wannan ƙwai ya samo asali, kuma a ina ake samunsa?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Abin da ka gani ba haɗin kwamfuta ba ne, akwai shi, kuma ƙwai ne da gaske. Sai dai ba 'yar ruwa ce ta saka shi ba, kifi ne. Mazauna gaɓar teku a Ingila sun daɗe suna tsintarsa a kan rairayi, har suka laƙaba masa suna jakar 'yar ruwa, daga nan labarin ya yaɗu. Ni kam ban ga laifin wanda ya ruɗe ba, domin in ka riƙe shi a hannu sai ka rantse laya ce aka ɗinke da fata.

Masu saka shi su ne wasu daga cikin kifayen shak, waɗanda nau'insu ya haura 500, da kuma 'yan uwansu masu shimfiɗaɗɗen jiki da doguwar jela da ke kwanciya a ƙasan teku. Uwar tana da wata gaɓa a cikinta da ke lulluɓe ƙwan da wannan ɓawo mai tauri kafin ta sake shi. Akwai wani ƙaramin shak mai ɗigo-ɗigo da ke rayuwa daga gaɓar Norway har zuwa Senegal, da kuma tekun Bahar Rum. Ƙwansa bai wuce santimita 5 zuwa 7 ba. Idan uwar za ta saka, sai ta yi ta kewaya ciyawar teku har zaren ya nannaɗe ya kama, don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Ɗan yana ciki yana cin gwaiduwa wata 5 zuwa 11, gwargwadon ɗumin ruwan. Ranar da ya isa fita, sai ya ɓalle ta gefe guda ya bar ɓawon. Wannan fankon ne ruwa ke turowa bakin gaɓa, shi ne kuma ake ɗaukar hotonsa.

A kudancin Ostireliya kuwa akwai wani shak da ƙwansa a murɗe yake, uwar takan ɗauke shi da baki ta cusa a tsagar dutse.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na kusa da tsibiran Galapagos da ke cikin tekun Fasifik. A shekarar 2015 masu bincike suka tura na'ura ƙasan teku, zurfin da ya haura mita 1,600, suka tarar da ƙwayayen wani kifi mai shimfiɗaɗɗen jiki jibge kusa da wuraren da ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa. A irin sanyin da ke can, masana na ƙiyasin ƙwan kan ɗauki shekara huɗu ko fiye kafin ya ƙyanƙyashe. Sai ga uwa ta nemi wuri mai ɗan ɗumi ta ajiye 'ya'yanta. Ikon Allah ke nan, malam, kuma a ganina ya fi labarin arzikin da aka ba ka daɗin ji. Idan wani ya ce zai sayar maka, don Allah riƙe kuɗinka.

Sai wata baiwar Allah daga Yola, ita ma a kan batun take. Ta ce kakarta takan ba su labarin 'yan ruwa a kogin Binuwai, shin ana iya tsintar wannan ƙwai a can, ko a Tafkin Chadi?

Malama, a'a. Masu saka irin wannan ƙwai duk kifayen ruwan gishiri ne, ba za ki same shi a kogi ko tafki ba. Amma kogin naku yana da nasa abin al'ajabi. Akwai wani kifi shimfiɗaɗɗe mai ƙaya mai dafi a jela, wanda masunta ke kira kunamar ruwa, har sunansa na kimiyya daga garin Garwa na Kamaru aka ɗauko shi. Dangin su shak ne, amma shi ba ya saka ƙwai, haihuwa yake yi. Abin damuwar shi ne ya yi ƙaranci ƙwarai, har an sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Ki tambayi tsofaffin masunta na Jimeta yaushe rabon da su gan shi a koma, in kin samu amsa ki rubuto mana, za mu karanta a wannan fili.