Fodkas: Me Ya Hana Waƙoƙin Pank Tsufa?

Habibu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake saduwa. Ni ne Habibu, tare da ni kuma akwai Malama Zainab da ƙanenmu Sadik. Yau za mu tattauna a kan pank, wani salon kiɗa mai sauri da kaushin murya da ya ɓulla a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970, wanda har yanzu matasan da ke jin an danne su suke komawa gare shi. Malama, daga ina za mu kama?

Zainab: Mu kama daga halin da Birtaniya take ciki, Malam Habibu. A 1976 marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, farashin kaya yana ta hawa, har gwamnati ta je neman rance wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Yaro ya gama makaranta, babu aiki, ga shi manyan mawaƙan da yake ji a rediyo sun zama attajirai, ba su san unguwarsu ba. A farkon 1977 wata 'yar mujalla da matasa suke bugawa da kansu ta zana hanyoyi uku na ɗora yatsu a kan jita, sannan ta ce wa mai karatu ya je ya kafa ƙungiyarsa. A wurina asalin pank ke nan: ba sai ka ƙware ba, ba sai wani ya ba ka izini ba.

Sadik: Anti Zainab, ki yi mini haƙuri, ni ban gamsu da cewa siyasa ce ba. Ƙungiyar pank ta Sex Pistols ta fitar da waƙar sukar Sarauniya Elizabeth a 1977, shekarar da ta cika 25 a kan karaga, BBC ta hana sa waƙar, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Amma manajansu, Malcolm McLaren, shagon tufafi gare shi a Landan, kuma rigimar ta jawo masa kasuwa. Wasu daga cikinsu ma har tambarin 'yan Nazi suka riƙa sawa don kawai su ɓata wa manya rai.

Zainab: Gaskiyarka ne, kuma ba zan kare wannan ba, domin abin kunya ne. Sai dai ka duba abin da ya biyo baya. A wancan lokacin, jam'iyyar National Front, mai ƙin baƙi, tana samun magoya baya a unguwannin talakawa, tana ce wa farin yaron da ba shi da aiki wai ɗan Jamaika ko ɗan Pakistan ne ya ƙwace masa abinci. A watan Agustan 1976 shahararren mawaƙi Eric Clapton ya tsaya a kan dandali a Birmingham ya goyi bayan korar baƙi, sai wasu suka mayar da martani da kafa ƙungiyar Rock Against Racism, wato mawaƙa masu yaƙi da wariyar launin fata. Dabararsu ita ce haɗa mawaƙan pank farare da mawaƙan rege baƙaƙe a dandali ɗaya a dare ɗaya, ta yadda yaron da ya zo jin nasa dole ya yi rawa kafaɗa da kafaɗa da wanda aka ce masa maƙiyinsa ne. Ranar 30 ga Afrilun 1978 dubun-dubatar mutane suka yi jerin gwano daga dandalin Trafalgar har filin Victoria Park a gabashin Landan, inda ƙungiyar pank ta The Clash da ƙungiyar rege ta Steel Pulse suka yi wasa. A ranar ne kuma mawaƙiyar pank Poly Styrene ta hau dandali, yarinya 'yar shekara 20, uwarta Baturiya, ubanta ɗan Somaliya, tana waƙa da iyakar ƙarfin maƙogwaronta a gaban wannan taro.

Habibu: National Front ta sha mummunan kaye a zaɓen 1979, ko da yake adalci shi ne a ce Margaret Thatcher, wadda jam'iyyarta ta lashe zaɓen, ta janye ƙuri'unsu da yawa da tsauraran kalamanta a kan baƙi. Ni abin da ya fi taɓa ni daban ne. A al'adarmu yawanci mawaƙi yana da ubangida, ko sarki ko attajiri ko ɗan siyasa, kuma bakin da ya ci shi ke godiya. Shi ya sa nake ganin girman marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa. Pank ma da kayan aiki kaɗan ya fara, ba tare da ubangida ba.

Sadik: To Yaya Habibu, yau fa? Ai tuni manyan shaguna suke sayar da riguna masu sunayen waɗannan ƙungiyoyi.

Zainab: A Landan da Amurka kasuwa ta haɗiye da yawa daga cikinsa, ban musa ba. Amma ka kalli inda faɗin gaskiya yake da tsada. A watan Disambar 2011 'yan sanda a lardin Aceh na Indonesiya suka kama matasan pank sama da 60 a wurin wasa, suka aske musu kai, suka tsare su. A Fabrairun 2012 matan ƙungiyar pank ta Pussy Riot suka shiga babbar majami'ar Mosko suka yi waƙar adawa da Putin, kotu ta yanke wa uku hukuncin shekara biyu-biyu, biyu daga cikinsu ba su fito ba sai Disambar 2013.

Sadik: Wannan kam ban yarda da shi ba. Wurin ibada yana da alfarma, ko na wane addini ne.

Zainab: Ni ma ba zan shiga wurin ibadar wani in yi haka ba. Su hujjarsu ita ce shugaban cocin ya fito fili yana mara wa Putin baya gab da zaɓe, don haka a ganinsu siyasa ta riga su shiga ɗakin. Ana iya ƙin hanyarsu, a kuma ƙi ɗaure uwayen ƙananan yara saboda waƙar da ko minti ɗaya ba ta kai ba. Misalin da na fi so in bar maka, Sadik, na Myanmar ne. A birnin Yangon akwai ƙungiyar pank ta Rebel Riot, waɗanda suka soki masu hura wutar ƙiyayya ga Musulmi a lokacin da yin hakan yake da haɗari, kuma sun shafe shekaru suna dafa shinkafa suna raba wa marasa galihu a kan titi. Da sojoji suka yi juyin mulki a Fabrairun 2021, suna cikin waɗanda suka fito zanga-zanga.

Sadik: Wannan ban taɓa jin labarinsu ba, Anti. Zan nemi waƙoƙinsu a YouTube yau da dare.

Habibu: Ka nema, mako mai zuwa ka faɗa mana abin da ka ji. Masu saurare, a nan za mu dakata, mu kwana lafiya.