Kwana 19 muna shanya gida a Manchesta

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da wannan gurnanin da kuke ji a bayana, ba janareta ba ne. Na'urar tsotse danshi ce, yau kwananta 19 tana kuka dare da rana a falona. Bari in ɗaga kyamara. Kun ga wancan ramin na silin? To, shi ne dalilin da kuka ji ni shiru.

Biki muka tafi Bamingam, kwana uku. Da za mu fita na ce wa Abban yara a kashe hita gaba ɗaya, don kuɗin gas ya ishe mu. Ashe arha ce mai tsada. Sanyi ya sauka, ruwan da ke cikin bututun can saman rufi ya daskare. Shi ruwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake, yana ƙaruwa da wajen kashi 9 cikin 100, sai ya tsaga bututu. Kuma ba a lokacin ake ganin ɓarnar ba, ƙanƙarar ce ke toshe tsagar. Sai gari ya ɗan sake, ta narke, sannan ruwa ya samu hanya.

Muna buɗe ƙofa na taka kafet, na ji caɓal. Ruwa na ɗiga ta cikin ƙwan fitila, silin ya yi tumbi kamar mai ciki wata tara. Na miƙa hannu zan kunna wuta, Abban yara ya daka min tsawa, ya wuce ya kashe lantarkin gidan daga babban akwati. Sai neman inda ake rufe ruwa. Shekara huɗu muna gidan nan, wallahi babu wanda ya sani a cikinmu! Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta shigo da rigar barci, ta durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, ta ture robobin omo, ta murɗa wani ɗan famfo. Shi ke nan. Ita ce kuma ta ce a tara bokiti a huda tumbin nan da sukundireba, in ba haka ba duka zai rufto mana.

Ni da na tashi a Zariya, in ɗaki ya yi yoyo da damina, ai fitar da katifa za a yi a baza a tsakar gida, kafin la'asar rana ta gama aikinta. Haka na ɗauka: a goge, a shafa fenti, a wuce wurin. Mai gyaran da aka turo ya yi dariya. Ya ciro wata 'yar na'ura mai allura biyu, ya soka a bangon da na taɓa na ji a bushe, ta nuna ja. Gidajen nan cikinsu katako ne da allon filasta, ga wani abu kamar auduga da ake cusawa a rufi don riƙe ɗumi. Duk sun sha ruwa sun ƙoshi. Ya ce cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna kan fara tsiro a wuri mai laima, in ka yi fenti a kai ka dai rufe mata asiri ne.

Kuma a ƙasar nan ba a wasa da fumfuna. A Rocdel, nan kusa da mu, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a 2020 saboda shaƙar ta a gidan haya. Sunansa aka sa wa dokar Awaab, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025 a gidajen hayar hukuma. Ina da mai asma a gida, sai na kama bakina. Aka yaye kafet da soson ƙarƙashinsa, aka yanke silin, aka kwashe audugar nan a buhuna. Yara suna can gidan ƙanwata.

Maganar kuɗi kuwa, gyaran bututu da gini na mai gidan haya ne, dokar haya ta 1985 ta ɗora masa, inshorarsa ce ke biya. Ya ɗan yi mita kan hitar da muka kashe, ban ce uffan ba. Amma kayan cikin ɗaki namu ne, kuma ba mu yi musu inshora ba. Ga akwatina nan. Atamfofin lefena, shekara goma sha ɗaya ina tattalinsu, wannan ja ta zuba a kan farin leshi. Ƙullin kuka da daddawar da Hajiyarmu ta aiko sun zama taɓo. Kujera ban damu da ita ba, wannan ne ya sa ni hawaye.

Abin da ya taimake mu, kafin mu taɓa komai na ɗauki hoto da bidiyo, har da lambar mitar wuta, tunda wannan na'urar a kanmu take shan lantarki. Jibi mai allurar zai dawo ya sake auna bango. In ya ce ya bushe, sai filasta, ita ma a jira ta bushe kafin fenti.

Kun ji ta yi ƙara? Tankinta ya cika ke nan. Bari in je in zubar.